Larai Mai Gaisuwa a Shekarar Tari

A duk yammacin ƙasar Katsina, daga Ruma har Safana, ba a taɓa yin mace mai zumunci kamar Larai ta Tungar Barau ba. Haka duk waɗanda suka san ta suka shaida, wato waɗanda suka rage.

A zamanin Katsina tana bin Sakkwato, Turawa ba su zo ba, kuma kowane ƙauye a wannan yanki yana zagaye da kafi, shingen itace da ƙaya mai ƙofa ɗaya, saboda mahara. Tungar Barau tana tsakanin Wagini da Ruma. Gidajenta ba su da yawa. Akwai rijiya, akwai masallaci, akwai zangon fatake a bayan kafi, ƙarƙashin wasu tsamiyoyi.

Larai ba 'yar garin ba ce. Ta zo tana yarinya tare da uwarta, gudun yaƙi daga wajen Zamfara, uwar kuwa ba ta ga damina ba ta rasu. Larai ta tsaya a ƙofar bukka ta ga waɗanda suka ɗauki gawar: limamin wancan lokaci, da mai haƙa kabari, da wani makaho da ya bi su yana zaton wurin suna za a je. Ba wanda ya zo gaisuwa, don ba a san wa za a gaisar ba. Tun daga ranar ta ƙudurta abu ɗaya a ranta: duk ranar da mutuwa ta sake shiga gidanta, sai an rasa wurin zama. Ba ta da dangi, ba ta da dukiya, daga baya kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Ƙafa take da ita, sai ta yi aiki da ƙafa.

Shekara da shekaru babu rashin lafiya, babu rasuwa, babu haihuwa a ƙauyukan nan da Larai ba ta je ba. Tana zuwa gaisuwar wanda ya faɗo daga kan rumbu. Tana zuwa jajen akuyar da kura ta ɗauke. Ta taɓa zuwa Batsari gaisuwar mutuwa ta tarar mutumin yana cin tuwo, labarin ne ya zo a karkace, ta zauna ta yi masa barka da arziki, ta kwana biyu. Idan mace ta rasu ita ke wanka, idan an haihu ita ke dafa ruwa. A hankali ta zama gwaggon kowa. Yara a Wagini suna ce mata Gwaggo, a Ruma Inna, a Safana kuma akwai gida uku da ke gardama a kan wane ne cikinsu danginta na jini.

Tana da yadda take aikinta. Ba ta zuwa wajen mara lafiya hannu sake. Takan dama kunun tsamiya da citta da ɗan barkono, ta zuba a ƙwarya, ta ɗora a ka, ta soke ludayinta a gefen zane. In ta shiga ɗaki takan zauna dab da mara lafiya har gwiwarta ta taɓa tabarmarsa, ta fara kurɓa daga ludayin, sannan ta kai masa baki. Abin da ya rage ta shanye a gabansa, don kada ya ce ana ƙyamarsa. Daga nan ta goge ludayin da bakin zane ta wuce gida na gaba. Mutane suna cewa ko ɗan'uwa na jini ba ya yin haka, kuma gaskiya suka faɗa.

Mijinta Mati masaƙi ne. Yana yini a inuwar zaurensa da ƙafafunsa a masaƙa, ƙirjinsa na kuka kamar tsohon zugazugi saboda ƙurar auduga. Mutum ne marar yawan magana, kuma shi kaɗai ne namiji a Tunga da ya san inda ake ajiye daddawa a gidansa. In an tambaye shi ina Larai, yakan ce ya ji labari tana lafiya.

Shekarar da ake kira shekarar tari, bayan an gama kaka, wani ayarin fatake masu kanwa ya sauka a zango. Sun zo da jakuna da yawa da tari mai yawa. Zazzaɓi ne ke fara kama mutum, kai ya yi nauyi, gaɓoɓi su mutu, sai tari ya sauka a ƙirji. Wasu su tashi bayan 'yan kwanaki. Wasu numfashi ya gagare su. Kafin fataken su ɗaure kaya sun bar mutum biyu a ƙarƙashin tsamiya.

Mutanen Tunga sun tsaya daga nesa suna kallo, ba don tsoron ciwo ba, don dai ba su san mamatan ba. Larai kuwa ta san abin da ake nufi da mutuwar baƙo. Ta dama kunu ta fita. Ta gaisar da madugu, ta bi marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya da ludayinta, ta shanye abin da suka rage. Madugun ya ce ya yi yawo daga Agadas har Gwanja bai ga irinta ba.

Ita ma ta yi tarin, amma a tsaye ta yi shi. Ta ce ɗan sanyin rafi ne. Ba ta kwanta ba, don a makon ne aka haihu a Wagini.

'Yan kwanaki bayan taron suna tari ya sauka a Wagini, ya fara da gidan mai jego. Larai ta koma dubiya. Daga can ta ji an ce wata tsohuwa ta karye a Ruma, ta wuce. Tsohuwar ta warke daga karaya, tari ya ɗauke ta, ya ɗauki jikarta, ya tsallaka maƙwabta. Mutane suka fara lura da wani abin mamaki: duk garin da ciwon zai sauka, sai a ga Larai ta riga shi zuwa. Mata a bakin rijiya suka ce baiwa ce. Wata ta ce Allah ne ke nuna mata a mafarki inda za a buƙace ta. Larai ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, don ba ta son alfahari.

Ba wai mutanen nan ba su san yadda ake yi da annoba ba ne. Sun san agana sarai, ciwon nan mai fesowa da ƙuraje. In agana ta fito wa mutum, a yi masa bukka a bayan gari, a sa wanda ya taɓa yin ta ya riƙa kai masa abinci, kowa ya kama kansa. Amma agana ana ganinta a fuska. Tari kuwa kowa na yi. Ba a taɓa jin an fitar da mutum bayan gari don ya yi tari ba, da an yi haka da Mati ya tsufa a daji. Saboda haka aka ci gaba da cin kasuwa, ana cika ɗakin mara lafiya har a toshe ƙofa, ana zaman makoki kafaɗa da kafaɗa, ana zagaya ƙwaryar ruwa ɗaya daga hannu zuwa hannu. Kowace rasuwa ta tara mutane, kowane taro ya haifar da rasuwa.

Wanda ya fara haɗa abin a kansa Malam Uwaisu ne, limamin Tunga. Mutum ne mai lura. Ya ga Fulanin da suka shige daji da shanunsu tun kafin fatake su zo, ba a ji tari a rugarsu ba. Ya ga wani ƙauye da ke gaba da kowa saboda rigimar gona, ba mai zuwa wajensu, ba sa zuwa wajen kowa, suna nan ƙalau. Ya je wajen mai gari ya ce masa ciwon nan ba iska ke kawo shi ba, mutum ke kai wa mutum. Ya karanta masa abin da ya zo a hadisi, cewa in annoba ta sauka a ƙasa, na waje kada ya shiga, na ciki kada ya fita.

Mai gari ya yarda, don ya binne ƙanensa a makon. Ya sa aka yi shela: an tsayar da kasuwa, an rufe zango, kada baƙo ya shigo Tunga. Ya aika wa masu garin da ke kewaye, su ma suka yi haka. Aka kira Ɗanmaraya, mai tsaron ƙofar kafi, aka ja masa kunne.

Ɗanmaraya ya tsare ƙofa da gaske. Ya kori mai gishiri, ya kori maroƙi, ya kori wani mahaucin Batsari da ya rantse surukinsa na ciki. Da hantsi sai ga Larai daga cikin gari, ƙwarya a ka.

"Gwaggo, ina zuwa?"

"Wagini. Ƙawata Kande ce kwance."

"Ai an ce kada kowa shi shiga."

"Fita zan yi, ɗan nan."

"To in kin dawo fa?"

"In na dawo baƙuwa na zama? Ni da na wanke uwarka da hannun nan, kana can kana kuka da majina har haɓa?"

Ɗanmaraya ya duba hagu, ya duba dama. Baƙo aka ce masa ya hana. Ya ɗage itacen ƙofa.

"Ki gaishe da Gwaggo Kande. Ki ce Allah shi ba ta lafiya."

A Wagini mai tsaron ƙofa ya tashi tsaye ya karɓar mata ƙwarya. A Ruma ma haka. Babu ƙofar da aka rufe domin Larai, don babu garin da take baƙuwa. Aikin shekara talatin ke nan.

Malam Uwaisu ya tare ta wata rana a bakin masallaci. Ta durƙusa daga gefe ta gaishe shi, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi jakinsa da ke ɗingishi.

"Larai, ina so ki zauna gida."

"Allah gafarta Malam, na yi wani laifi?"

"Ba ki yi ba. Amma ciwon nan yana bin mutane. Mai zuwa gida-gida yana iya ɗaukar shi bai sani ba."

"Gaskiya ne, Malam. Shi ya sa nake gaya wa matan nan su rage yawo."

"Da ke nake."

"Malam, ba kai ka ce mana da azumin bara mai zuwa dubiya mala'iku na yi masa addu'a har ya dawo ba?"

"Na faɗa."

"An janye?"

"Ba a janye ba. Wancan gaskiya ne, wannan ma gaskiya ne. Kowane da lokacinsa."

"To Allah shi nuna mana lokacin," in ji Larai, ta ɗauki ƙwaryarta. Ta fahimci cewa Malam yana tausayin ƙafafunta, ta kuma gode masa a zuci.

Mati ma ya gwada nasa. Ta dawo daga Safana da la'asar tana wanke ƙafa, ya tsayar da masaƙa.

"Larai."

"Na'am, maigida."

"Na lura da wani abu. Duk gidan da kika shiga, bayan kwana kaɗan sai an shimfiɗa tabarmin makoki."

"Ai shi ya sa nake zuwa da wuri. Da ban je ba da sun tafi ba mu gana ba."

"Haka ne," in ji Mati. Ya ɗan yi tunani. "Ni kuma gidan nan kike kwana."

"Wani lokaci."

"Wani lokacin nake ji."

"Kai dai ba ka son mutane, tun asali. Ranar da abu ya same mu za ka ga amfanin tafiyar nan. Za a cika gidan nan har zaure, har waje."

"In ni abin ya sama, ba zan gani ba."

"Za a ba ka labari," in ji Larai, ta shiga ɗaki neman tsamiya.

Zazzaɓi ya kama Mati ranar wata Laraba. Larai ta yi jinyarsa yadda take yi wa kowa, har ta fi. Ta zauna dab da shi, ta kurɓa, ta ba shi, ta shanye saura. Ta fasa zuwa wurare biyu saboda shi, abin da ba ta taɓa yi ba, ta aika a ba su haƙuri. Ƙirjin da ya saba kuka kamar zugazugi ya koma kamar ana jan zana a ƙasa. Da rana ta uku ya buɗe ido ya gan ta zaune.

"Larai, ke ce?"

"Ni ce."

"Da rana tsaka?"

"Kada ka wahalar da kanka da magana."

"Ba wanda ya mutu yau?"

"An yi a Ruma. Ban je ba."

Mati ya dube ta ya daɗe. "Ashe dai da na sani da na kwanta tuntuni," in ji shi. Bayan azahar ya cika.

Larai ta yi kuka na gaskiya, don tana son Mati, kuma ba ta taɓa tunanin gida ba tare da ƙarar masaƙa ba. Da ta share hawaye ta tashi ta share tsakar gida. Ta ari tabarmi daga maƙwabta ta shimfiɗa har zaure. Ta cika randuna. Ta sa aka jiƙa gero mai yawa. Ranar da ta yi wa tafiya tun tana yarinya ta zo, ta kuma san adadin gidajen da ta shiga, ta san ba za su ƙi ta ba.

Sai dai a makon nan ne haƙurin masu gari ya ƙare. Sun ga rufe ƙofa ga baƙi bai hana komai ba, sai suka ƙara: ba shiga, ba fita, ko wane ne. Ba zaman makoki. Gawa mutum kaɗan su sallace ta su kai. Mai tari a ware masa ɗaki da ƙwaryarsa, wanda ya riga ya yi ya warke shi zai kula da shi, kamar yadda ake yi da agana. Mai gaisuwa ya tsaya daga bayan danga ya ɗaga murya. An gaya wa masu tsaron ƙofa cewa duk wanda ya ɗage itace, shi za a fitar. A wannan karo kowa ya ji, don ba gidan da bai yi rashi ba.

Malam Uwaisu da maƙwabta suka kai Mati. Larai ta zauna a ƙofar ɗaki tana fuskantar zaure.

Mutane sun zo, wannan ba a musu. Kande ta taso daga Wagini da sauran ciwo a jikinta, ta lallaɓa ta fita ta wata ɓaraka a kafinsu, ta iso ƙofar Tunga. Ɗanmaraya ya ce mata ya yi rantsuwa. Ta zage shi, ta zagi kafin, ta tsaya a rana ta yi kuka, ta juya. Wasu sun zo daga Ruma, wasu daga Batsari. Duk suka tsaya a bayan ƙaya suka faɗi gaisuwarsu, Ɗanmaraya ya riƙa tattarawa yana kawowa da yamma. Yakan tsaya daga bayan dangar gidan ya ɗaga murya.

"Gwaggo! Mutanen Ruma sun ce Allah shi jiƙan shi. Wata doguwa ta ce ya haƙuri. Wata mai tsagar Gobir ta yi kuka ƙwarai, ban riƙe sunanta ba."

"Su nawa ne?"

"Da yawa, Gwaggo. Da kin gani."

"Ka ce su shigo ko ruwa su sha."

"Sun tafi."

Matan Tunga suka yi tasu gaisuwar ta kan danga, kowace daga tsakar gidanta, wasu da tuwo a hannu. Geron da aka jiƙa ya yi tsami, aka ba awaki. Bayan kwana bakwai maƙwabta suka aiko a mayar musu da tabarminsu.

Daga nan takaba ta kama ta. Matar da mijinta ya rasu ba ta fita sai ta cika wata huɗu da kwana goma, kuma wannan doka ce da Larai ba ta da hadisin da za ta kawo a kanta. Abin da mai gari da liman da miji suka kasa, Mati ya yi shi da mutuwarsa. Ta zauna. Abin da ya fi damunta a zaman shi ne tunanin mutanen da ke can suna kwanciya suna mutuwa ba kunu, ba mai zama kusa da su. Kullum tana lissafa gaisuwar da ke taruwa a kanta.

Tarin ya yi sauƙi a cikin watannin nan. Ya fara barin Wagini, ya bar Ruma, a Tunga ya ɗan daɗe a gida biyu sannan ya tafi. Aka buɗe ƙofofi, kasuwa ta dawo. Mai gari ya ce rufe ƙofa ne. Wanzamai suka ce cire belu ne, don sun cire wa duk wanda ya tsaya. Wata mai magani a Safana ta ce hayaƙin sassaƙen da ta sayar ne. Da aka tambayi Malam Uwaisu ya ce Allah ne, bai ƙara komai ba, ko da yake an ga ya dubi wajen gidan Mati.

Ranar da ta fita takaba Larai ta yi wanka, ta ɗaura sabon zane, ta kama hanya tun da safe don ta biya abin da ya taru. Ta fara da Wagini. Ta tambayi Kande gidajen da aka yi rashi tun bayan zamanta, don ta bi su a jere. Kande ta yi tunani ta ce akwai biyu a farkon watan, daga nan shiru. A Ruma aka ce mata ɗaya. A Batsari ba ko ɗaya. A Safana aka nuna mata gidan wani tsoho, amma shi jaki ne ya harbe shi. Tafiyar da ta yi wa guzurin wata guda ta ƙare a cikin mako. Ta dawo ta ce wa maƙwabta Allah ya rufa mata asiri, ya ɗage mutuwa har ta fito.

Ta rayu shekaru bayan haka, ta ci gaba da zuwa ko'ina, ba a kuma sake yin irin tarin nan ba a zamaninta. Mutane suka ƙara girmama ta, don sun ji kunyar abin da ya faru a makokin Mati. A kowane gari sai sun ce mata, "Gwaggo, ranar taki kam ba za mu yi fashi ba, ko da ƙaya za mu tsallaka." Tana jin daɗin maganar, takan sa a maimaita.

Ta rasu da sassafe, ranar da aka wayi gari da ruwan shuka na farko, bayan an daɗe ana jira. Kowa yana gona.